Hausawan Garwa: Fatauci, Allo da Masallacin Unguwa

Wanda ya zaga tsohon garin Garwa na arewacin Kamaru da ƙafa zai iya karanta rabin tarihinsa daga sunayen unguwanni kawai. Akwai Fulɓere, inda masu gari suka kafa gidajensu kusa da fadar Lamiɗo. Akwai Kolere, mazaunin Barebari. Akwai kuma Hausare, wadda sunanta ya isa ya faɗi masu ita. A bayan waɗannan sai sababbin unguwanni da suka tsiro bayan zuwan Turawa, irin su Yelwa da Rumde Ajiya, inda mutanen kudu da na Cadi suka yi yawa. Kowace ƙungiya ta zo da harshenta da sana'arta, kuma kafin ta gama rufin ɗakin kwana ta riga ta shata wurin ibada. Labarin da za a bi a nan na Hausawa ne, baƙin da suka tarar da masu masaukinsu suna kallon alƙibla ɗaya da su, da abin da wannan ya jawo musu na sauƙi da na asara.

Kafin jihadi ma Bahaushe ya san hanyar Binuwai, amma tutar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba Modibbo Adama wajen 1809 ita ta buɗe ƙasar sosai. A cikin shekaru talatin da suka biyo baya shugabannin Fulani suka kafa sarautu a ƙasar Fombina, wato Adamawa: Garwa a hannun Modibbo Hamman Njundi, a tsakanin Fali da Bata, Marwa a hannun Modibbo Damraka, Rai Buba ta Buba Njidda, sannan can kan tudu Ngaundere, Tibati da Banyo. Adama kansa ya zauna Yola a 1841, ya rasu a 1847. Waɗannan sababbin sarakuna makiyaya ne da malamai da mayaƙa. Suna da shanu, suna da dawaki, suna da bayin da yaƙi ya kawo, amma ba su da marina, ba su da dukawa, ba su da mai kai hauren giwa Kano ya dawo da turkuɗi da kanwa da takarda. Wannan gurbi Hausawa da Barebari suka cike.

Ba a yi wa tarihi adalci ba idan aka ɓoye abin da ayarin nan ke ɗauka. Hauren giwa da goron ƙasar Banyo da Bamenda suna ciki, amma bayi ma suna ciki, kuma da yawa. Ngaundere ta yi suna a ƙarni na 19 da hare-haren da take kaiwa ƙasar Gbaya da Laka, kuma falken da ya tsaya salla a bakin rafi sau da yawa akwai mutane ɗaure a bayansa. Jikokin waɗanda aka kama suna nan, ba su manta ba, kuma wannan na cikin abin da ya sa wasu ƙabilun arewacin Kamaru suka karɓi mishan hannu biyu daga baya.

Ayari ba ya tashi sai da mutum uku: madugu mai ja-gora, uban dawaki mai tsare baya da kuɗin fito, da malami. Malamin shi ke duba ranar tashi, shi ke jan salla, shi ke rubuta wasiƙar da za a miƙa wa sarkin gari na gaba, kuma idan wani ya faɗi a hanya shi ke yi masa sutura. Idan damina ta tsare ayari a Garwa, kogi ya cika ba a ƙetarawa, malamin sai ya shimfiɗa buzunsa a zauren mai masauki, yaran unguwa su fara taruwa da allunansu. Wata damina sai ayari ya wuce ya bar shi, domin an ba shi mata. Haka unguwar Hausawa ta kafu a kusan kowane gari na Fombina: zango tukuna, sai zaure, sai masallacin kara, sai a wayi gari Lamiɗo ya naɗa musu Sarkin Hausawa wanda zai riƙa kai gaisuwarsu da kukansu fada.

Ɗaya daga cikin waɗannan madugai sunansa ya shiga littafi. Madugu Mai Gashin Baki ya shekara da shekaru yana fataucin Adamawa kafin ya haɗu da wani Bajamushe mai yawon bincike, Eduard Robert Flegel, ya yi masa ja-gora har Ngaundere da mafarin Binuwai a 1882. A 1884 Flegel ya tafi da shi Berlin tare da abokinsa Madugu Ɗan Tambari, ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa daga bakinsa. Shi Flegel ɗin a Vilnius aka haife shi, birnin da yau yake hedkwatar Lituweniya, a lokacin yana ƙarƙashin Rasha.

Tunda zance ya kai can, yana da kyau a tsaya kaɗan, domin mutanen Lituweniya sun yi tasu ƙaurar a daidai wannan zamani, kuma kwatanta su da namu yana haska abu. Daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Rasha ta hana buga littafi da harshen Lituweniya a haruffan boko. Talauci da tsoron aikin soja suka kori dubban manoma zuwa ramukan kwal na Pennsylvania da mahautan Chicago a Amurka. Da farko sun riƙa shiga coci ɗaya da mutanen Poland, tunda duka 'yan Katolika ne. Ba a daɗe ba rigima ta tashi kan harshen wa'azi da na waƙa, sai suka ware, suka tara kuɗi daga ɗan albashinsu suka gina nasu coci-coci, irin na Saint George a Chicago a 1892. Suka kafa ƙungiyar mata masu zaman zuhudu ta Saint Casimir a 1907 don koyar da yara, da jaridar Draugas a 1909. A wurinsu coci ita ce rumbun harshe.

Bahaushen Garwa bai sami irin wannan dalili na warewa ba. Salla da Larabci ake yi, ko limami Bafulatani ne ko Babarbare. A da, ranar Juma'a kowa masallacin Lamiɗo yake zuwa, ranar idi kowa filin idi ɗaya. Ba a tambayar baƙo takarda, alwalarsa ta isa shaida. Wannan ya ba shi abin da ɗan Lituweniya bai samu ba a Amurka: ya auri 'yar gari, ya kai ƙara gaban alƙali ɗaya da mai gari, a binne shi a maƙabarta ɗaya. Amma ƙofar da ta buɗe masa ya shiga, ta nan harshensa ya riƙa fita. Uwa Bafulatana ko Bafaliya, kasuwa da Fulatanci, wasan dandali da Fulatanci, kafin jika ya girma Hausarsa ta koma ta gaisuwa da ciniki. A Kano da Katsina Fulanin gida ne suka narke cikin Hausa. A Garwa da Marwa abin ya juya.

Duk da haka baƙin sun bar tambarinsu a fada kanta. Wanda ya halarci hawan salla a Garwa ko Ngaundere zai ji ana kiran Sarkin Fada, Sarkin Yaƙi, Sarkin Shanu, Sarkin Fawa, tare da Galadima da Kaigama da aka aro daga Barno. Zai ji algaita da kakaki, kuma kirari da yawa da maroƙa ke yi wa Lamiɗo da Hausa suke yinsa. Wanzamin da ke yi wa jariri askin suna, da mahaucin da ke yanka, da mai ɗinkin babbar riga, an daɗe ana ɗaukar su sana'o'in Hausawa ne. Fulani masu ilmi suna kallon wasu daga cikin waɗannan da ɗan raini, musamman kiɗa da bori da sana'ar laya, amma ba su iya zama ba tare da su ba. Masanin tarihi Eldridge Mohammadou, ɗan Garwa wanda ya rasu a Maiduguri a 2004, ya kwashe rayuwarsa yana tattara irin waɗannan labarai daga bakin dattawa, kuma littafin da suka yi da Modibbo Bassoro kan Garwa har yau shi ne madogara.

Ba fatake kaɗai hanyar ta kawo ba. Adamawa tana kan hanyar gabas, kuma a ƙarni na 19 gabas tana nufin abu biyu: Makka, da wurin da ake sa ran bayyanar Mahadi. Malamai da yawa sun bar Sakkwato da Gwandu da niyyar hajji suka ƙare a bakin Binuwai. Modibbo Raji na Gwandu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar ɗariƙar Tijjaniyya a daular Sakkwato, haka ya iso Yola a zamanin Lamiɗo Lawal ya zauna. Wanda ya fi girgiza ƙasar shi ne Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya iso Yola wajen 1878, ya wuce ya kafa sansani a Balda, kusa da Marwa. Da labarin Muhammad Ahmad na Sudan ya iso shi, wanda ya ce shi ne Mahadi a 1881, sai Hayatu ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Jama'a suka yi ta kwarara Balda, Fulani da Hausawa da Larabawan Shuwa. Lamiɗo Zubairu na Yola ya fito yaƙarsa a farkon shekarun 1890, bai ji daɗin karon ba, ko da yake an ƙone Balda. Hayatu ya haɗe da Rabe, mayaƙin da ya ci Barno, ya auri 'yarsa Hawwa, daga baya suka ɓata, aka kashe shi a Dikwa a 1898. Rabe kansa Faransawa suka kashe shi a Kusiri a watan Afrilun 1900. Ɗan Hayatu, Shehu Sa'idu, Turawan Ingila suka kama shi a 1923, suka kai shi zaman gudun dole a Buea, a gindin dutsen Kamaru, ya shafe shekara fiye da ashirin kafin a mayar da shi Kano.

Turawa sun shigo ta fuska biyu. Ingilishi suka ci Yola a Satumbar 1901, Zubairu ya gudu gabas, Jamusawa suka karya shi a Garwa a Nuwamba, suka sake karya shi a Marwa a Janairun 1902. Aka ja layi tsakanin Yola da Garwa, garuruwan da ba su taɓa sanin iyaka tsakaninsu ba. A 1907 wutar Mahadiyanci ta sake tashi: Malam Alhaji a wajen Marwa, da Goni Wadai wanda ya nufo Garwa da jama'arsa. Bindiga mai ruwa ta gama da su duka biyu, aka kuma kashe sarakunan da aka zarga da goya musu baya. Tun daga nan kowane Baturen mulki, Bajamushe ko Bafaranshe, yake kallon malami baƙo mai yawo da gafaka a matsayin abin tsoro. Bayan Garwa ta faɗi a hannun Ingila da Faransa a watan Yunin 1915, Faransawa suka gaji ƙasar, suka gaji wannan zargin, suna ajiye takarda kan kowane malami: daga ina ya zo, wa ya karantar da shi, almajirai nawa gare shi.

Abin mamaki, mulkin da ya takura malami shi ya buɗe wa falke kudu. Da can sarakunan Tibati da na Vute ke tare hanya. Da Jamusawa suka fasa su, Hausawa suka bi sawun sojan Hans Dominik har Yawunde, suka gangara Duwala, suka shiga dajin gabas neman roba da hauren giwa. A Fumban sun tarar da Sarki Njoya ya riga ya karkata ga Musulunci bayan Lamiɗon Banyo ya taimake shi kan 'yan tawaye a shekarun 1890, sai malaman Hausa suka sami wurin zama a gefen fada. A Bamenda unguwarsu Abakwa ita ta zama tsakiyar gari. A Yawunde suka tare a Briqueterie, a Duwala kuma New Bell.

A nan kudu ne Bahaushe ya ɗanɗana baƙunci na gaske, irin wanda ɗan Lituweniya ya sani a Chicago. Maƙwabta ba sa salla, ba sa azumi, abincinsu ma sai an yi tambaya. Masallaci ya zama komai: masauki, kotu, banki, wurin ɗaurin aure. Buƙatar yankan Musulmi ta sa fawa ta zauna a hannunsu, shanu suna saukowa daga Ngaundere, su ke saye, su ke yanka, su ke gasawa. Wanda ya taɓa tsayawa da daddare a Briqueterie, hayaƙin tukuba na tashi, mai nama yana yanka tsire a kan takardar siminti yana barbaɗa yaji, ladan kuma yana kiran lisha daga masallacin da ke bayansa, ya ga yadda sana'a da addini suka riƙe unguwa guda. A can Hausa ba ta mutu ba, har ma ta ci wasu harsuna, ta kai mutumin kudu yana kiran duk mai doguwar riga da hula Bahaushe, ko Bafulatani ne ko Bamum ko Kotoko.

A arewa kuwa abin da ya riƙe zumunci da gida shi ne ɗariƙa da karatu. Tun daga shekarun 1940 da 1950, Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha ta yaɗu daga Kano zuwa duk inda ɗan kasuwar Kano ke da abokin ciniki. Zawiyya ta shigo unguwa. Bayan la'asar ta Juma'a a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiya, mutane su kewaye shi gwiwa da gwiwa, muƙaddami ya ja, saura su amsa har faɗuwar rana. Mai shago da ɗan dako kafaɗa ɗaya suke zama. Sabon zuwa daga Zariya ko Damagaram, idan ya faɗi sunan shehinsa, ya sami tabarmar kwana da wanda zai ba shi kaya bashi. Tare da wannan sai gardamar ƙabalu da sadalu ta biyo, wato ɗora hannu a ƙirji ko sakinsa a salla, wadda ta raba sahu a garuruwa da yawa. Tsofaffin modibbai na fada suna ganin baƙi sun zo da sabon abu, su kuma baƙin suna ganin ilmi ya yi gaba ya bar fada. Rigimar da ba a yi kan harshe ba, sai aka yi ta kan hannu.

Hanyar ba ta kasance mai tafiya ɗaya ba. Yaran Garwa da Marwa sun riƙa tafiya Kano da Zariya da Maiduguri neman karatu, wasu su dawo da rawani, wasu su zauna. Mafi munin suna a cikinsu shi ne Muhammadu Marwa, Maitatsine, wanda Sarkin Kano Sanusi ya kora a 1962, ya dawo, ya tara almajirai a 'Yan Awaki har aka yi tarzomar Disambar 1980 da ta ci rai fiye da 4,000. Kanawa suna cewa Kamaru ta turo musu shi. Mutanen Marwa kuma suna cewa a Kano ya koyi abin da ya koya.

Samun 'yancin kai a 1960 ya ɗora ɗan Garwa, Ahmadu Ahidjo, kan kujerar shugaban ƙasa har 1982. Ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 ta kai arewacin Kamarun Ingila cikin Nijeriya, abin da Ahidjo bai taɓa haɗiyewa ba. A zamaninsa Garwa ta sami filin jirgin sama da masaƙa da hedkwatar kamfanin auduga, aka kafa ƙungiyar al'adun Musulunci ta ƙasa da makarantun Faransanci da Larabci, hajji ya koma na jirgi. Gidan rediyon Garwa yana watsa shiri da Hausa da Fulatanci, ana kama shi har cikin Nijeriya, su kuma mutanen Garwa da azumi kunnensu na kan Kaduna suna sauraron tafsirin Shehu Abubakar Gumi da na Shehu Ɗahiru Bauchi. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, ba ta nemi biza ba. Kaset ya ƙetare iyaka a aljihun direba, ɗaliban da suka dawo daga Madina da Sudan suka ƙara mata ƙarfi, sai ga masallatan Juma'a suna yawaita a garin da da can ɗaya ne tak, na Lamiɗo. A ganina wannan shi ne babban sauyin da aka yi a rayuwar addinin Garwa tun bayan jihadi, ya fi zuwan Jamusawa tasiri, domin ya cire wa fada ikon cewa ga wanda zai hau mumbari.

A wannan lokaci kuma wasu baƙin suna gina nasu wuraren. Mishan na Lutheran daga Amurka da Norway sun shigo arewa a shekarun 1920, suka kafu a Ngaundere. Fada-fadan Katolika na Oblat suka iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko na Garwa a 1955, aka kashe shi a gidansa na Ngaundere a 1991. A 1970 wasu fada-fadan suka zo daga Poland. Ma'aikatan gwamnati daga kudu, da 'yan kasuwar Bamileke, da Sara da Ngambai da yaƙin Cadi ya koro, su suka cika coci-cocin Garwa, kowace ƙabila da ƙungiyar waƙarta da asusun jana'izarta, kamar yadda Hausawa suka yi a Briqueterie. Paparoma John Paul na biyu ya zo Garwa a Agustan 1985, lokacin Christian Tumi ne babban bishop.

Shekarun baya-bayan nan sun yi wa tsohuwar hanyar lahani. Daga 2014 Boko Haram ta addabi Kolofata da Fotokol, a Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a Marwa, gwamnati ta hana niƙabi a jihar Arewa Mai Nisa, ta sa ido kan makarantun allo da masu wa'azi baƙi. Sansanin Minawao ya cika da 'yan gudun hijira daga Barno. Almajirin da kakansa ya taka daga Kano zuwa Garwa ba wanda ya tambaye shi komai, yau sai ya nuna katin shaida a kowane shinge, kuma Bahaushen da aka haifi kakansa a Hausare yakan sha tambayar ko shi ɗan ƙasa ne.

Har yanzu akwai gidaje a Hausare, da unguwar Hausawa ta Ngaundere, da Banyo da Tibati, inda ake ajiye da wasiƙun ajami, da takardun bashi, da salsalar malamai a cikin gafaka ko tsohuwar adaka. Gara da ruwan sama suna cin su kowace shekara, dattawan da suka san fassararsu kuma suna ƙarewa. Jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa suna kusa, na Yola da Kano ma ba su yi nisa ba. Wanda ke da irin waɗannan takardu a gidansu, ya ɗauki hotonsu ko da da wayar hannu ne, ya zauna da tsohon da ya rage ya tambaye shi daga wane gari kakansu ya taso, da sunan madugun da ya biyo.